Sarakunan ƙofar hanji: daga ɗakin gwaji a Turai zuwa turken awaki a Gezawa

A shekarun da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara rigakafin shan inna, akwai tambayar da iyaye a ƙauyukan Kano suka yi ta maimaitawa, kuma tambaya ce mai ma'ana: in dai maganin na ƙwarai ne, me ya sa ake dawowa wata bayan wata ana ɗiga wa yaro ɗaya? Rashin gamsasshiyar amsa yana cikin abubuwan da suka ba jita-jita gindin zama, har Gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin a 2003, ba a ci gaba ba sai watan Yulin 2004.

Wani ɓangare na amsar ya fito da alƙaluma a 2008. Helen Jenkins da abokan aikinta na Imperial College da ke Landan sun bi bayanan yaran Najeriya da ƙafafunsu suka shanye, suka lissafa cewa ɗigo ɗaya na tsohon haɗin nan mai nau'i uku yana kare kimanin yara 16 ne kacal cikin 100 daga nau'in cutar na farko. A Turai da Amurka kuwa ɗigo uku ya ishi kusan kowane yaro. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya abin ya ma fi namu lalacewa. Shi wannan rigakafi ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, sai ta samu wurin zama a hanji ta hayayyafa kafin jiki ya koyi yaƙi da ita. Ke nan dole a leƙa inda ɗigon ke sauka, a tambayi su wane ne ke gadin wurin, da wa suke zaune, kuma a wane hali ɗigon ke tarar da su. Kimiyya ta ɗauki fiye da shekara ɗari kafin ta san masu gadin nan.

Gubar da tafasa ba ta kashewa

A ƙarshen 1882, a garin Messina na Italiya, wani masanin dabbobi ɗan Rasha mai suna Elie Metchnikoff ya soka ƙayar fure a jikin jaririyar wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta garau yake kamar gilashi. Washegari ya duba a madubin ƙara girma, ya ga wasu ƙwayoyin halitta sun yi wa ƙayar dafifi. Halittar ba ta taɓa haɗuwa da ƙaya ba, babu wanda ya koya mata, amma jikinta ya gane baƙo. Wannan ita ce garkuwar da ake haihuwar mu da ita, wadda ba ta jiran rigakafi ko tsohuwar jinya.

Shekara goma bayan haka, a Balin, Richard Pfeiffer, almajirin Robert Koch, ya dafa bakteriyar kwalara har ta mutu murus, ya yi wa dabbobin gwaji allurarta, sai ga su suna mutuwa. Ya ce lallai akwai guba a jikin bakteriyar kanta wadda zafi ba ya lalatawa, ya raɗa mata suna endotoksin. Daga baya aka gano sinadari ne da ke lulluɓe da fatar bakteriya masu yawa, wanda a yau ake taƙaita sunansa da LPS. Ku riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi a jinin yaran Gambiya.

Shi Metchnikoff, duk da ya samu kyautar Nobel a 1908, kallon abokan gaba ya yi wa yawancin bakteriyar hanji. A ganinsa su ke sa wa mutum guba a hankali har ya tsufa da wuri, maganin kuwa a riƙa shan nono mai tsami kamar yadda manoman Bulgeriya ke yi. Mu da muka tashi da fura da nono sai mu ce ai bai zo da sabon abu ba. Amma ra'ayin cewa hanji juji ne ya yi ƙarfi a zamanin, har wani babban likitan fiɗa a Landan, Arbuthnot Lane, ya riƙa yanke wa mutane babban hanji wai don ya raba su da gubar.

Bayan wannan sai hankalin masana ya koma kan ɗaya garkuwar, mai koyo da tunawa, wadda rigakafi ke horarwa. Ta haihuwa aka mayar da ita 'yar rakiya na tsawon shekaru.

Wanda ya farfaɗo da zancen shi ne Charles Janeway na Jami'ar Yale, a 1989. Ya lura da wani abu da kowane mai bincike ya sani amma ba a cika faɗa ba: in ka yi wa dabba allurar tsantsar furotin, sau da yawa jiki ba ya ko kula ta, sai ka gauraya da wani abu mai tunzura jiki, kamar gutsattsarin matacciyar bakteriya. Janeway ya ce lallai akwai wasu masu gadi a jikin ƙwayoyin halittarmu da ke gane alamomin da bakteriya ba za ta iya rabuwa da su ba, kuma sai sun buga ƙararrawa kafin sauran runduna ta motsa. A lokacin hasashe ne kawai, babu wanda ya taɓa ganin su.

Hujjar ta ɓullo daga inda ba a zata ba, wato jikin ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro. Tun a 1985 ɗakin binciken Christiane Nüsslein-Volhard a Jamus ya bayyana wata ƙwayar gado da ke tsara ciki da bayan ɗan tayin ƙuda, aka sa mata suna Toll. A 1996, a Strasbourg ta Faransa, Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann suka ga ƙudan da Toll ɗinsa ta lalace fumfuna na cinye shi. A 1997 Janeway da Ruslan Medzhitov, wani matashi da ya fito daga Tashkent, suka nuna mutum ma yana da irinta. A 1998 kuma Bruce Beutler a Dallas ya warware ƙullin da Pfeiffer ya bari: akwai wani jinsin ɓeraye da LPS ba ya yi wa komai, sai ya gano mai gadi guda ne ya lalace musu, wanda ake kira TLR4. Ashe endotoksin ba da kansa yake kisa ba. Mai gadi ne ke ganinsa ya ta da hankalin jiki duka, zazzaɓi da kumburi da faɗuwar jini su biyo baya. Beutler da Hoffmann sun samu Nobel a 2011. Janeway ya riga ya rasu a 2003.

Mutum yana da irin waɗannan TLR guda goma, kowanne da alamar da yake nema. TLR5, alal misali, furotin ɗin wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita yake ganewa. Akwai kuma wasu dangin da ke zaune a cikin ƙwayar halitta, irin su NOD2, suna jiran wanda ya riga ya tsallako katanga.

To, me ya hana cikinmu kamawa da wuta?

A nan ne lissafin ya rikice. Cikin baligi ɗaya akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, ɗauke da LPS da wutsiyoyi da duk alamomin da masu gadin ke nema. Abin da ya raba su da jininmu bai wuce layi ɗaya na ƙwayoyin halitta ba. In da ganin bakteriya kawai ke sa a buga ƙararrawa, da babu wanda zai kwana lafiya.

Zato na farko shi ne masu gadin hanji makafi ne, ko kuma cutar kumburin hanji tana zuwa ne in sun cika zafin kai. Sai a 2001 wasu rukunai biyu, ɗaya a Faransa ɗaya a Amurka, suka gano cewa mutane da dama masu cutar Crohn, wani kumburin hanji mai naci da aka bayyana a New York a 1932, suna ɗauke da NOD2 mai rauni. Abin ya zo a juye: mai gadi ya yi sanyi, kumburi ya ƙaru. A 2004 Seth Rakoff-Nahoum, a ɗakin binciken Medzhitov, ya ƙara bayyana lamarin. Ya ba ɓeraye wani sinadari mai ƙuje bangon hanji. Lafiyayyu suka warke. Waɗanda aka toshe wa hanyar saƙon TLR suka yi ta zubar da jini har suka mutu. Waɗanda aka share wa bakteriyar ciki da magunguna su ma suka mutu, amma da aka zuba musu LPS a ruwan sha sai suka tsira. Gubar Pfeiffer ta zama magani. Bangon hanji yana buƙatar ya riƙa jin motsin bakteriya kafin ya gyara kansa.

Kwatancin da ya fi kusa da wannan yana cikin tarihin birnin Kano. Kowace ƙofa ta ganuwa tana da sarkin ƙofa, kuma aikinsa bai taɓa zama hana kowa shiga ba, don birnin da ya kori fatake da masu itace da masu nono yunwa za ta kashe shi. Aikinsa ya san fuskoki, ya tsayar da kowa inda ya dace, ya kai rahoto in ya ga abin da bai yarda da shi ba. A 2011 Lora Hooper da ɗalibanta a Dallas suka auna wannan a ƙaramin hanjin ɓera: idan masu gadi suka ji bakteriya, bangon yana fesa wani furotin mai kashe duk wadda ta matso, sai a samu fili na kimanin maikromita 50, kusan kaurin silin gashi, tsakanin bango da cunkoson. A babban hanji kuma wata majina mai kauri ce ke wannan aiki. In aka cire masu gadin, filin ya rufe, bakteriya ta manne wa bango, sai runduna ta biyu ta fito da manyan makamai. Kumburin ke nan.

Daga nan aka shiga wani zamani na ɗoki. A 2010 Andrew Gewirtz da Matam Vijay-Kumar a Atlanta suka ruwaito cewa ɓerayen da ba su da TLR5 suna yin ƙiba da alamun ciwon suga, kuma in aka ɗebi bakteriyar cikinsu aka dasa wa ɓerayen da aka raina babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya a jikinsu, su ma sai su kama hanya. A 2011 rukunin Richard Flavell a Yale ya faɗi makamancin haka game da wani mai gadi, NLRP6, har ma cewa lafiyayyen ɓera na ɗaukar saurin kamuwa da kumburi in an haɗa su keji ɗaya, tunda ɓeraye na cin kashin juna. Sai wasu suka ce a dakata. A 2012 rukunin Eric Pamer a New York, sannan a 2017 wasu a Beljiyam da Kanada, suka maimaita irin gwaje-gwajen da ɓeraye 'yan ciki ɗaya, uwa ɗaya, keji ɗaya, wasu da mai gadin wasu babu. Yawancin bambancin bakteriyar ya ɓace. Har yanzu ana jayayya a kai, amma ni a ganina wannan gyaran ya fi binciken farko amfani gare mu. Masu gadi suna da ta cewa kan inda bakteriya za ta tsaya. Su wane ne za su zo ƙofar tun farko kuwa, wannan uwa ce da gida da abinci ke yanke shi.

Gida da gona a karkarar Kano

Duk wanda ya bi hanyar Gezawa, ko Minjibir, ko Dawakin Tofa zuwa Bichi da damina ya san babu daji a tsakani. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, ga gawo da ɗorawa da tsamiya a tsaye. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki a shekarun 1960, yana mamakin yadda ɗaruruwan mutane ke rayuwa a kowace murabba'in kilomita, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Sirrin taki ne. Da rani jakuna na kai itace birni su dawo da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi. A shekarun 1990 Frances Harris ta zauna a Tumbau, cikin ƙasar Gezawa, tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita, ta nuna yadda zagayen ke tafiya: harawa da karmami su shiga cikin awaki da tumaki, kashinsu ya taru a gida, a kwashe a mayar gona.

A lura da wurin da takin ke taruwa. Tunda babu makiyaya da damina, dabbobin a ɗaure suke a turke cikin gida, kaji na yawo a tsakar gida, kuma a wannan tsakar gidan ne yaro ɗan wata takwas ke rarrafe yana kai duk abin da ya samu baki. Dabarar da ta ciyar da miliyoyin mutane shekaru aru-aru ita ce kuma ke aika baƙi ƙofar hanjin jariri safe da yamma.

Wannan rayuwa tana da ribarta a ciki. A 2010 Carlotta De Filippo da abokanta suka kwatanta kashin yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da na yara 15 na birnin Florence. Abincin yaran Boulpon namu ne sak: gero, dawa, wake, ganye. An same su da bakteriya iri-iri fiye da na Italiya, musamman dangin Prevotella masu narkar da dusa, da kuma yawan wasu sinadarai da bakteriyar ke samarwa waɗanda ke ciyar da bangon hanji suna kwantar da kumburi. Cutar Crohn, wadda ta addabi Turai da Amurka, ba a cika ganinta a irin waɗannan ƙauyuka ba, kuma raunin NOD2 da aka gano a Turawa da wuya a same shi a 'yan Afirka ta Yamma.

Namu kumburin wani iri ne, marar hayaniya. A shekarun 1960 John Lindenbaum ya duba hanjin matasan Amurka 'yan sa-kai da suka zauna a Pakistan. Lafiyayyen ƙaramin hanji cike yake da tsiro-tsiro masu tsotse abinci, kamar na cikin tumbin akuya. Nasu sun gajarce sun daskare, bangon cike da ƙwayoyin yaƙi, ko da a waɗanda ba sa gudawa sosai. Da suka koma gida, hanjin ya warware da kansa. Ke nan ba gado ba ne, zama ne. A 1991 Peter Lunn da abokansa a Keneba ta Gambiya suka ba jarirai ruwan suga iri biyu suka auna abin da ya fito a fitsari, suka ga bangon hanjin yana yoyo, kuma yoyon ya bayyana kimanin kashi 40 cikin ɗari na tsayawar girmansu. A 2003 aka auna jinin jariran yankin aka samu endotoksin a ciki, kuma waɗanda jikinsu ya fi nuna alamar fama da shi su suka fi tsumburewa. LPS ya tsallaka katanga, TLR4 na ta buga ƙararrawa ba dare ba rana, jiki na kashe abincin da ya kamata ya tafi ƙashi da ƙwaƙwalwa a kan yaƙin da ba ya ƙarewa. Yaron ba ya kwance, ba ya zazzaɓi, girma ne kawai ba ya yi. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Ƙarancin abinci da yawan jinya su ne kan gaba a dalilai, amma abincin da aka samu ma sai hanji ya iya riƙe shi.

Cikin irin wannan hanji ne rigakafin baki ke sauka. A Madarunfa ta jihar Maraɗi, ƙasar Hausa ce ita ma mai gero da turke, ƙungiyar Epicentre ta gwada rigakafin gudawar rota a kan jarirai kimanin 3,500, sakamakon ya fito a 2017: kariyar kashi 67 cikin ɗari daga gudawa mai tsanani. A Turai irin waɗannan rigakafi na wuce kashi 90. Kashi 67 ba abin rainawa ba ne a inda gudawa ke kisa, shi ya sa Najeriya ta sa rigakafin rota cikin na yau da kullum a 2022. Amma giɓin na nan.

Mai karatu zai ce to a share bakteriyar mana, ko a share gidan. An gwada duka biyun. A Vellore ta Indiya, Nicholas Grassly da abokansa sun ba jarirai maganin azithromycin kafin ɗigon shan inna. Alamun kumburi sun ragu, miyagun bakteriya sun ragu, amma ɗigon bai ƙara kamawa ba ko kaɗan, kamar yadda suka bayyana a 2016. Abin da suka ga yana tafiya da rashin kamawar shi ne wasu ƙwayoyin bairos 'yan uwan na shan inna da suka riga suka cika hanjin. Bayanin da ya fi dacewa shi ne masu gadin da ke gane bairos sun riga sun rufe ƙofa saboda baƙin farko, sai raunanan bairos ɗin rigakafi ya zo ya tarar babu masauki. Wata mai zuwa wataƙila ya tarar da ƙofar a buɗe. Dalilin maimaita ɗigon ke nan, kuma da maimaitawar, tare da sauya haɗin maganin zuwa mai nau'i ɗaya ko biyu, aka kai ga yaro na ƙarshe da shan inna na daji ya kama a Kano, a Sumaila, cikin Yulin 2014.

Sharar gida kuwa, a karkarar Zimbabuwe masu bincike sun zauna suna kallon jarirai na sa'o'i, suka gan su suna cin ƙasa da kashin kaji. Aka shirya babban gwaji mai suna SHINE: aka gina masai, aka kafa wurin wanke hannu, aka ba da sinadarin tsabtace ruwa da ɗan shingen wasa na yara. Sakamakon 2019 ya ba kowa kunya, domin duk wannan bai ƙara wa yaran tsayi ba. Ƙarin abinci mai gina jiki ne ya ɗan taɓuka. Ba cewa ake tsabta ba ta da amfani ba. Masai ɗaya da buta ɗaya ne ba su isa su raba yaro da ƙasar da kaji da awaki ke zagayawa a kanta ba, manomin Tumbau kuma ba zai kori awakinsa ba, don in babu su babu taki, in babu taki babu gero.

Shi ya sa wasu suka juya ta ɗaya gefen: maimakon korar baƙi, a ciyar da mazauna na kirki su cika wurin. Jeffrey Gordon na St. Louis da Tahmeed Ahmed na cibiyar binciken gudawa ta Dhaka sun nuna a 2014 cewa bakteriyar cikin yaro tana girma mataki-mataki kamar yaron kansa, kuma ta yaro mai tamowa tana makalewa a ƙuruciya. Suka yi ta gwada abinci iri-iri a kan ɓeraye da 'yan aladu da aka dasa wa bakteriyar yaran, har suka tsaya a kan haɗin garin wani wake na can, da garin waken suya, da garin gyaɗa, da ɗanyar ayaba. A gwajin da aka buga a 2021, yara 'yan wata 12 zuwa 18 da suka ci haɗin na wata uku sun fi ƙara nauyi a kan waɗanda suka ci abincin tamowa na yau da kullum, alhali haɗin bai kai shi ƙarfin kuzari ba. Gyaɗa da waken suya dai buhu-buhu ake sauke su a Dawanau. Sai dai an auna haɗin ne da bakteriyar yaran Dhaka masu cin shinkafa. Wanda zai dace da yaron Minjibir da aka yaye da kunun gero, sai an fara da kai kashin yaron Minjibir ɗakin gwaji.